Binciken maganaɗisu bai fi ƙarfin kwamfutar ɗalibanmu ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin malaman kimiyya na arewacin Kamaru zuwa ga wani bincike da ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada.

Wanda ya je maƙera da maganaɗisu zai ga abin da idonsa: idan ƙarfe ya yi jajir a wuta, maganaɗisu ba ya kama shi sai ya huce. Iyakar tana wajen digiri 770 a ma'aunin Salshiyos. Domin gano dalili, Wilhelm Lenz ya kawo wani misali a 1920, wanda ya yi kama da gurabun dara. A kowane gurbi akwai ƙaramar kibiya mai duban sama ko ƙasa, kowace tana son ta bi maƙwabtanta, zafi kuma yana hargitsa su. Idan zafin ya yi ƙasa sai su fuskanci wuri guda, ƙarfe ya zama maganaɗisu. Da ya haye wata iyaka, sai kowace ta kama gabanta.

Ɗalibin Lenz, Ernst Ising, ya nuna a 1925 cewa a layi ɗaya wannan sauyi ba ya faruwa, Lars Onsager kuma ya warware na shimfiɗaɗɗen allo a 1944. Amma mai tsawo da faɗi da kauri, wato irin ƙarfen da muke riƙewa, har yau babu wanda ya warware shi da alƙalami, sai dai a auna da kwamfuta. Dabarar Nicholas Metropolis da abokan aikinsa ta 1953 ita ce tushe: a zaɓi kibiya da ƙuri'a, idan juya ta zai rage kuzari (wato yawan saɓaninta da maƙwabtanta) a juya, idan zai ƙara, wata ƙuri'ar ta yanke hukunci gwargwadon zafi. Daf da iyakar lissafin yana jan ƙafa ƙwarai, shi ya sa Ulli Wolff ya fito a 1989 da hanyar juya gungun kibiyoyi gaba ɗaya.

Na gwada allo mai gurabe 100 sau 100 a tsohuwar kwamfutata, duk da ɗaukewar wuta da ta katse ni sau biyu, kuma sauyin ya bayyana kusa da zafi 2.269 ɗin da lissafin Onsager ya bayar (a ma'aunin misalin, ba na Salshiyos ba). Rabona da farin ciki irin na wannan dare an daɗe.

Roƙona ga jami'o'in Marwa da Ngaundare shi ne su riƙa ba ɗaliban shekarar ƙarshe irin wannan aiki, su kuma koya wa malaman lise (makarantun sakandare) yadda ake rubuta manhajar, domin yaranmu su ga kibiyoyin suna haɗa kai a gaban allo.

Wassalam.
Wani malamin kimiyya, Garwa, Kamaru.