Injin leza ya shigo gari, wa zai koya wa yaranmu sanin itace?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da na gani da idona a wani shago a nan Kano. Abin ya faranta mini rai, ya kuma bar ni da fargaba.

Ni kafinta ne, shekarata 31 a sana'ar, tun ina yaron shago ake aikena 'Yan Katako a Na'ibawa. Watan jiya magen gidanmu ta mutu. Shekararta tara a hannunmu, kusan tare suka tashi da 'yar autata, a wajen ƙafarta take kwana. Yarinyar nan ta yi kwana biyu ko tuwo ba ta iya ci. Yayanta ne ya ce akwai wani matashi ta wajen titin Gidan Zoo da ke da injin leza, wanda yake zana hoto a jikin katako da haske mai ƙuna kamar wuta, mu je a yi mata na magen ko hankalinta zai kwanta.

Kafin in tafi sai da na tsaya wajen malamin unguwarmu, don na san wani zai tambaya game da hukuncin zana hoton abu mai rai. Ya tuna mini cewa a mazhabar Malikiyya an bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zanen da yake a shimfiɗe, kuma akwai malaman da suka tsananta a kan duka biyun. Na ɗauki abin da zuciyata ta natsu da shi, kowa kuma ya tambayi malaminsa. Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Da muka je, yaron ya karɓi hoton daga waya ya sa a kwamfuta. Sai autar ta ja mini riga, ta ce, "Baba, a sa mata fukafukai, a ɗora ta a kan Dala." Ni dai na yi shiru. Shi kuwa ya ce, "Baba, wannan ai mai sauƙi ne." Ina tsaye ya cire tabarma da bokitin da suka fito a bayan magen, ya zana mata fukafukai irin na shaho, ya zaunar da ita a ƙolin dutsen, ga jinjirin wata da taurari a sama, ga rufin gidajen birni ƙanana a ƙasa. Ya mai da hoton baƙi da fari, ya ƙara wa idanun haske. Sannan ya nuna mini abin da ban taɓa sani ba: injin ba shi da launi ko ɗaya, ɗigo-ɗigo yake ƙonawa. Inda ɗigon ya yi yawa wurin ya yi duhu, inda ya yi ƙaranci ya yi haske. Kan injin yana kai da komowa kamar ƙoshiyar masaƙi, layi bayan layi, kusan layi goma a cikin milimita ɗaya. Wallahi yaron ya san aikinsa ta wannan ɓangaren, kuma ni ko shekara zan yi a gaban kwamfutar ba zan iya abin da ya yi cikin rabin awa ba.

Amma da aka buɗe murfi bayan minti 40, abin da ya fito baƙi ne ƙirin. Fukafukan sun haɗe da dutsen, idanun sun ɓace. Ya ce hoton ne ba shi da kyau. Na ɗauki katakon na juya, na shinshina, na danna farce. Jan katako ne mai duhu, ga shi bai gama bushewa ba. Ya saye shi ne don ya ga yana da kyau a ido, mai sayarwa kuma ya ce masa shi ne mai tsada. To ta yaya ƙuna za ta fito a kan abin da dama can duhu ne? Madaci da iroko sarakuna ne a wajen ƙofa da gado, amma hoto mai gashin mage farin katako yake so, mai laushi, wanda jijiyarsa ba ta da ratsi da yawa, irin obeche ko malaina. Itace mai ƙaro ko mai danshi kuwa, wani wuri ya ci wuta wani wuri ya ƙi.

Washegari na komo da guntun obeche da ya shekara a rumfata, inci 10 da 12. Na goge shi da samfefa mai lamba 120, na bi da 220, ina bin jijiya ba na ƙetare ta. Na ce ya fara gwadawa a kan ɓallin da na yanko daga jikinsa, ya rage wuta, ya ƙara gudu, har muka sami ruwan ƙasa-ƙasan da muke so. Wannan karon gashin bakinta ɗaya bayan ɗaya ya fito, har ɗan tsagin kunnen hagu da ta samu wajen faɗa da muzuru. Autar ta sa yatsa a kan tsagin, ta ce, "Ita ce." Na shafa masa banish mara ƙyalli sau biyu a gida.

Ƙona zane a jikin abu ba baƙonmu ba ne. Wanda ya shiga Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, zai ga ƙwarya da ludayi da aka yi wa ado da ƙarfe mai zafi. Masassaƙanmu sun san kirya ce ta turmi, aduwa ce ta allo. Wannan sanin yana nan a hannun dattawa, injin kuma yana hannun yara, kowa yana gefensa. Yaro yana asarar katako da man janareta yana zargin hoto, dattijo yana zaune ciniki ya ja baya yana zargin zamani.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Shagon nan ɗaki ne ɗaya, ba taga, ƙofar gilashi a rufe saboda ƙura. Bututun da ya kamata ya fitar da hayaƙi waje a bayan injin yake a naɗe, ba a huda masa bango ba. Cikin awa ɗaya idona ya fara ruwa, ni da na saba da ƙurar zarto. Yaron yana ta tari yana cewa sanyi ne. A kwandon shararsa na ga guntayen fatar roba irin ta kujera da ledar allon talla. Mafi yawan waɗannan robar da ake kira PVC ce, kuma idan wuta ta ci su iska mai sinadarin kulorin suke fitarwa, wadda take cin huhu, take kuma sa ƙarfen injin tsatsa. Allon MDF da suke yawan yanka shi ma garin katako ne da aka haɗe da gam, hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne. Hasken irin wannan injin mai bututun gilashi ido ba ya ganinsa, amma na ga yana ɗaga murfi yana leƙawa aiki na tafiya. Ƙananan injinan leza masu shuɗin haske da ake sayowa ba murfi, su ma ba a tsayawa a kansu sai da tabarau na musamman, ba baƙin gilashin rana ba.

Sannan ya bar injin yana ci ya fita sayo mana ruwa. Katako ne fa ake ƙonawa, ga takardu, ga jarkar fetur a lungu, ba tukunyar kashe gobara ko ɗaya. Duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ba zai so a yi wasa da wannan ba. Na tsaya a kan injin har ya dawo, na yi masa faɗa irin wanda zan yi wa ɗan cikina, ya kuma karɓa da ladabi. Ba ganganci ba ne. Injin ya zo a kwali, ya koyi sarrafa shi a waya, ba wanda ya taɓa zaunar da shi.

Don haka nake kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da makarantun koyon sana'a su buɗe gajeren kwas, ko na mako biyu ne, a kan wannan aiki, a kuma gayyato kafintoci da masassaƙa su koyar da ɓangaren itace. Hukumar kashe gobara ta riƙa leƙa irin waɗannan shaguna tana nuna musu inda za su gyara tun kafin a kai ga tara. Shugabannin ƙungiyoyinmu na kafintoci kuma, mu daina kallon yaran nan a matsayin waɗanda suka zo ƙwace mana abinci. Ƙofar da na yi, in aka zana mata dagi da leza, kuɗinta ƙaruwa zai yi, mu duka mu samu.

Ni dai ranar Asabar na koma da guduma da kurfi, muka nemi izinin mai gidan, muka huda bango muka fitar da bututun. Na kai masa guntayen katako iri shida, kowanne na rubuta sunansa a baya da fensir, ya ƙona gwaji a kansu ya rataye a bango. Ya ce in na sami lokaci zai koya mini yadda ake cire bayan hoto, na ce sai bayan sallar la'asar ranar Juma'a.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani kafinta,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.