Masu jin jaz sun san sunan mai ganga, mu ina sunayen namu?

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan gardamar da ake yi game da kiɗan jaz, da kuma kiɗan Turawa na zamani wanda ake rubutawa a takarda kafin a kaɗa. Masu kushe su suna cewa hayaniya ce kawai, ba baiti, ba amshi, ba a san inda aka dosa ba. Masu son su kuwa, duk da ba mu da yawa a ƙasar Katsina, mun fi kowa musu a junanmu. Wannan ya ce ba a yi kamar Miles Davis ba, wancan ya ce John Coltrane ya shanye shi, wani kuma ya rantse cewa tun daga Louis Armstrong aka rufe ƙofa. Ni tsohon malamin makaranta ne a Daura, kuma a gajeren zango na fara jin jaz da daddare, a shirin Willis Conover na Muryar Amurka, wanda ya fara tun 1955.

Da masu kushe zan fara. Mutumin da ya tashi yana jin algaita a ƙofar fada ranar hawan Sallah ko Sallar Gani bai kamata ya ce busa ba ta da ma'ana don babu kalmomi a cikinta ba. Ka matsa kusa da mai algaita ka dube shi da kyau. Kumatunsa a cike suke tam, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana shaƙar iska ta hanci yana tura wadda ya tara a baki cikin bututun, sautin bai yanke ba ko na ƙiftawar ido. Wannan dabarar ce Rahsaan Roland Kirk ya yi suna da ita a Amurka da saksofon ɗinsa. Ƙirƙira nan take kuwa, wadda ita ce ƙashin bayan jaz, ai Alhaji Mamman Shata ya gama mana darasinta. Duk wanda ya tara kaset-kaset ɗinsa ya san waƙa ɗaya tana da rerawa iri-iri, ba wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta, domin wanda ya shigo fili da abin da ya faru a ranar duk suna iya faɗawa cikin waƙar. Masu kalangu na biye da shi, ya ja su ja, ya sassauta su sassauta.

Su ma mutanen jaz sun biyo sawu har gida. Armstrong ya zo Najeriya a 1960, har ya gana da Sardauna a Kaduna. Amma wanda na fi ƙauna a cikinsu duka shi ne Yusef Lateef, kuma a kansa muke yawan saɓawa da abokaina, domin su a wurinsu bai kai Coltrane zafi ba. Na yarda bai kai shi zafi ba, ya dai fi shi natsuwa. Musulmi ne, yana busa saksofon da sarewa da obo, wadda 'yar'uwar algaita ce. Ya bar Amurka ya zo ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya duƙufa kan sarewar Fulani, ya zauna da makaɗanmu yana tambaya yana rubutawa. A 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan ƙasar nan, sannan shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93. In na saurari busarsa ta bayan zaman Zariya, ina jin mutumin da ya koyi barin sarari tsakanin sauti da sauti, irin na makiyayi da ba ya gaggawar komawa gida.

Kiɗan Turawa na zamani kuwa, ra'ayina a kansa rabi da rabi ne. Steve Reich ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan mutanen Ewe, ya koma ya tsara dogon kiɗan ganguna da masana ke yabo har gobe. Na saurare shi da kyakkyawar niyya. Lissafinsa ya cika, amma gangunan ba sa magana, ni kuma kunnena ya saba da kalangun da ke kiran sunan mutum ya yi masa kirari. Na fi jin daɗin aikin da masu goge huɗu na wata ƙungiyar Amurka mai suna Kronos suka fitar a 1992 da mawallafan Afirka, musamman na Hamza El Din, Banube daga Masar. Kuma ina ganin rashin adalci ne a yi ta ambaton Turawa a manta da Fela Sowande da Akin Euba, 'yan ƙasarmu da suka yi wannan fanni tun da daɗewa.

To amma ba don in raba gardama na ɗauki alƙalami ba, Edita. Akwai abin da masu jin jaz suke da shi wanda mu muka rasa, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗauki faifan Miles Davis na 1959, Kind of Blue, ka juya bayansa. Za ka ga Jimmy Cobb ne a kan ganguna, Paul Chambers a kan ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa, Bill Evans da Wynton Kelly a fiyano, Coltrane da Cannonball Adderley a saksofon. An san an ɗauke shi ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilu a New York. Shi ya sa musun nasu yake da tushe: mutum zai ce maka ya fi son hannun wane a shekara kaza, ya kawo faifan a saurara. Shi ya sa kuma makaɗin da ke bayan shugaban ƙungiya yake samun suna nasa na kansa. Tony Allen mai gangar Fela Kuti ya zama sananne a duniya, ya fitar da faya-fayansa, har ya yi na girmama Art Blakey, shahararren mai gangar jaz, a kamfanin faya-fayai na Blue Note a 2017, kafin ya rasu a Faransa a 2020.

Yanzu je ka wurin yaran da ke tura waƙa a bakin kasuwa ka ce a zuba maka Shata a memori. Za a cika maka ita fal, Allah ya yi musu albarka, amma abin da za ka gani a fuskar wayarka lambobi ne, wani lokaci da sunan waƙar a gurguje. Wa ya riƙe babban kalangu? Wa ke kuntukuru? Muryar wa ce take fitowa sama da ta sauran 'yan amshi? A gidan rediyo aka ɗauka ko a gidan biki, kuma a wace shekara? Shiru. Haka abin yake ga kotson Ɗanƙwairo da na Narambaɗa, da gurmin Haruna Uji. Na san an rubuta littafi mai kauri kan rayuwar Shata, malaman jami'a ma sun yi ƙoƙari, sai dai wannan ilimin yana kan kanta, waƙar kuma tana yawo a wayoyi ita kaɗai. Jikokina suna jin kiɗan, suna kaɗa kai, ba su san hannun mutum ne mai suna da gari da iyali ya yi shi ba.

Shata ya rasu a 1999, kuma a nan Daura aka binne shi. Waɗanda suka yi masa kiɗa da amshi, na raye a cikinsu sun manyanta, kuma su kaɗai ne za su ji faifai su ce wannan hannun wane ne, a gari kaza muka yi shi. Don haka ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, su tura ɗalibai su zauna da dattawan nan, a kunna musu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya a rubuta abin da suka faɗa. Gidajen rediyon da ke ajiye da tsofaffin faya-fayai su buɗe ma'ajiyarsu, mai gabatarwa kuma in zai saka waƙa ya faɗi sunayen makaɗan da shekarar in an same su. Kai ma Edita, in ka ware ko rabin shafi ne a wata don buga waɗannan sunaye, akwai masu tsofaffin kaset a Daura da Funtuwa da Musawa da za su aiko maka da abin da suka sani, ni ma ina cikinsu.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Daura, Jihar Katsina.