Wasiƙa daga Maikala

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da su Inna da yara. Ka yi mini aikin gafara, na daɗe ban rubuto ba, karatu ya sha mini kai.

Ka tambaye ni ko akwai Musulmi a nan Mangalor ta ƙasar Indiya. Akwai su da yawa, ana ce musu Beary. Mazauninsu bakin tekun jihar Karnataka ne, gundumomin Dakshina Kannada da Udupi, har zuwa Kasaragod a arewacin Kerala. Garin nan ma Maikala suke ce masa da harshensu. Sunan Beary kuwa ya fito ne daga wata kalmar Tulu, harshen mutanen yankin, mai nufin ciniki, wato dai fatake ne tun kaka da kakanni, masu hulɗa da Larabawa ta teku. Da na ji haka sai kasuwar Kurmi ta faɗo mini a rai.

Ranar Juma'a na yi salla a masallacin Zeenath Baksh da ke unguwar Bunder, mai ginshiƙan katako da aka sassaƙa. Shafi'iyya suke bi, amma ba wanda ya dube ni da na saki hannu. Bayan an idar wani dattijo ya ja ni gidansa. Ya miƙo mini shayi a ƙaramin kofi, ya ce sunansa pinhana. Na ce masa mu finjali muke cewa. Wallahi sai da ya dafa kafaɗata don murna, ya kira jikokinsa su zo su ji.

Harshen Beary ya fi kusa da Malayalam, harshen Kerala, a gini, amma cike yake da kalmomin Tulu da na Larabci. Da baƙaƙen Kannada, harshen jihar Karnataka, suke rubuta shi. Abin da ke damun dattijon shi ne, jikokin a makaranta Kannada da Turanci suke yi, Beary sai a gida da kasuwa. Gwamnatin jiha ta kafa musu cibiyar adabi a 2007, fim ɗin Byari na 2011 da aka yi da harshensu kuma ya ci babbar lambar yabo ta ƙasa. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na tuna yadda ajaminmu ke sulalewa daga hannun yara.

Ya yi alkawarin kai ni garin Ullal, hubbaren wani waliyyi, Sayyid Madani. In mun je zan ba ka labari.

Ka gaishe mini da Baba, ka ce ya ci gaba da sa ni a addu'a.

Naka amini.