Rahoton Kwamitin Gini a Kan Sabon Makewayin Majami'a

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Almasihu, iyayenmu da dattawanmu, salama a gare ku.

Tun da aka buɗe sabon makewayi, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin ƙofar majami'a in an tashi sujada, har ta kai kunnen 'ya'yanmu na Jos da Abuja da Legas da suka aiko da nasu: ɗakuna biyar kacal, waje ko filasta babu, to ina sauran kuɗin? Tambayar ba laifi ba ce. Manzo Bulus kansa, da za a kai gudummawa ga tsarkaka a Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba, sai tare da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:19-21). Jadawalin abin da ya shigo da abin da ya fita yana manne a allon sanarwa, rasit kuma duk suna hannun ma'aji, wanda ya so ya je ya duba. Wannan takarda ta dalilai ce. Abin da ya sosa mana rai kawai shi ne kalmar "an ci" da ta riga zuwa duba littafi.

Kuɗin na baikon bikin godiya na 2023 ne, da alkawuran da aka cika daga baya. Shawara biyu aka kawo gaban majalisar dattawa: a sa tayil a bagade a kuma sake ƙofar shiga, ko a yi makewayi. Aka zaɓi makewayi domin tsohon masai ya cika, murfinsa ya tsage. Aka tsayar da ɗakuna biyar, biyu na mata, biyu na maza, da babba guda na tsofaffi da masu naƙasa, duka irin wanda ake kora ruwa da bokiti. Ginin sama bai ba da wahala ba. Kusan rabin kuɗinku yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani.

Farkon abin da ya ƙara kuɗi shi ne wurin ramin. Abin da muke kira sokawe a dunƙule rami biyu ne. Akwai babba mai ɗaki biyu inda najasa ke kwanciya ta ruɓe, akwai kuma na biyu wanda ke karɓar ruwan da ya tace ya bar ƙasa ta tsotse. Wurin da aka fara aunawa ya yi kusa da rijiyar maƙwabtanmu na bayan katanga, taku ashirin ma bai cika ba. Ƙa'idar masu aikin tsafta ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin irin wannan rami da ruwan sha. Gidaje da yawa ke ɗiba a rijiyar nan, mafi yawansu kuma ba 'yan ikilisiya ba ne, ba su kuma kawo ƙara ba, don ba su ma san an auna ba. Amma ba ma yi wa kanmu tsafta mu zuba wa maƙwabci ciwon ciki a tulu ba. Ga kuma gwajin da aka yi: aka haƙa ɗan rami a wurin, aka cika da ruwa da yamma, gari ya waye ruwan na nan, ko tsawon yatsa bai sauka ba. Baƙar laka ce. Aka matsar da ramin tsotsar zuwa gabas inda ƙasa ke da yashi-yashi, abin da ya ci ƙarin bututu mai inci 4 guda shida, da haƙa, da ɗan akwatin dubawa guda biyu a hanya saboda ranar toshewa.

Sai babbar asara, wadda ita ce ainihin abin da ake ta magana a kai. Bangon babban ramin ya rushe, aka sake shi daga tushe. Ga yadda abin ya faru, ba ƙari ba ragi.

An yi lissafin farko a kan buhun siminti 130, lokacin ana sayar da buhu wajen naira 5,500. A watan Fabrairun 2024 kowa ya ga abin da ya faru: buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka yi maganar a dawo da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Kwamiti ya ga ya dace a dakata ko farashi zai sauka. Jiran nan ya cinye mana rani. Ba a shiga haƙa ba sai da hadari ya fara haɗuwa, kuma don a rage kuɗi a kuma yi sauri, aka gina bangon ramin da bulo mai inci 6, ba a cika cikinsa da kankare ba, ba a sa ginshiƙi ko ɗaya ba, aka kuma mayar da lakar da aka haƙo aka cike bayan bangon da ita.

Duk wanda ya yi noma a irin ƙasarmu ya san halin baƙar laka. Da rani takan bushe ta dare har ƙafar akuya ta faɗa, da damina kuma ta sha ruwa ta kumbura. Rami mai tsawon mita 3.6 da zurfin mita 2.4, cikinsa wayam, ga laka na turowa daga waje, babu murfin da zai riƙe bakinsa. Ruwa biyu aka yi masu ƙarfi. Bayan na farko dogon bangon arewa ya yi ciki, tsaga ta bi layin siminti kamar matakala. Bayan na biyu ya zube, ya ja bangon tsakiya. Mun gode wa Ubangiji da dare ne, babu kowa a ciki.

An ce laifin birkila ne. Ba haka ba ne, kuma ba daidai ba ne a bar bawan Allah da nauyin da ba nasa ba. Ya faɗa tun farko cewa inci 9 ya kamata, kwamiti ne ya zaɓi araha, araha kuwa ba ta ado. Ubangiji ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). Mun lissafa kuɗi, ba mu lissafa ƙasa da damina ba. Laifin namu ne, muna kuma roƙon gafararku.

Da aka zo sakewa, ba a yi ƙwauro ba. Aka buga bulo mai inci 9 guda 300 a nan harabar majami'a, buhu ɗaya bulo 30, domin na kasuwa sau da yawa akan ja buhu har ya ba da 45 ko fiye, ka murza da yatsa ya zube. Aka yi masa ban-ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Kowane layi in an jera sai an cika ramukan bulon da kankare. Aka tsayar da ginshiƙai shida, huɗu a kusurwa biyu a tsakiyar dogayen bango, kowanne da rodi huɗu mai milimita 12, an ɗaure da zobe kowane santimita 20. Aka zagaya da linta sau biyu, ɗaya a tsakiyar tsayi ɗaya a baki. Kankaren ginshiƙi da linta kwanon sarki ɗaya na siminti ne, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Lakar kuwa aka kwashe ta gaba ɗaya, aka kawo tifa uku na burji. Ba a cike bayan bango ba sai da aka zuba murfi ya yi mako uku, aka kuma tara ruwa a cikin ramin don ya tokare daga ciki, sannan aka riƙa zuba burjin kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa. A ƙarshe aka yi daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya kewaye, da gangare zuwa waje, don ruwan kwano kada ya sake kwanciya a gindin bango.

Wannan sakewa ta ci buhu 42 da ba su cikin lissafi: 10 a buga bulo, 6 a jeri, 14 a cika bulo, 5 a ginshiƙai, 7 a linta. A naira 8,000 da muka saya, 336,000 ke nan. Tashin farashi a kan buhu 130 na farko ya ƙara 325,000. Siminti kaɗai ya wuce lissafi da naira 661,000, ban da rodi sanda 14, da burji, da ladan ma'aikata. Kuɗin filasta da fenti da tanki da kuke nema, a nan suka tafi. Ramin ya ga sauran daminar nan har ƙarshenta, ko tsagar gashi babu.

Abu na biyu da aka yi ta ƙorafi a kai shi ne ɗaki na biyar, kuma a nan kwamiti ba ya neman gafara. Gaskiya ne ya ci kusan kuɗin ɗaki biyu. Wasu sun ce, "Guragu nawa gare mu da za a yi musu fada?" Ga abin da ke ciki. Faɗinsa mita 2 ne da mita 2.2, don keken guragu ya juya, mai taimako kuma ya sami wurin tsayawa. Ƙofar santimita 90 ce, kuma waje take buɗewa, domin in tsoho ya faɗi a bayan ƙofar da ke buɗewa ciki, sai an ɓalle ta kafin a kai gare shi. Masan na zama ne, saboda gwiwar da ta shekara saba'in in ta tsuguna ba lallai ta tashi ba. Akwai ƙarfen riƙewa a gefe biyu, an dasa shi cikin kankare, ba a ɗaure shi da ƙusa a jikin bulo ba, tun da nauyin mutum gaba ɗaya zai ɗauka. Tayil ɗin ƙasa mai kaushi ne. Mai sheƙi ya fi kyau a ido, ya kuma fi sauƙin kuɗi a shagon da muka je, amma in ya jiƙe santsinsa sai ka ce kuɓewa.

Gangaren hawa shi aka fi yi wa dariya, wai ya yi tsawo kamar hanyar mota. An ɗaga daɓen ginin santimita 45 saboda ruwa, kuma ƙa'idar gangare ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi goma sha biyu na tsawo. Mita 5.4 ke nan. In aka gajarta shi, mai keke ba zai hau da kansa ba sai an tura shi, in zai sauko kuma keken ya ƙwace.

Amsar "guragu nawa" kuwa, Zumuntar Mata ce ta ba da ita a zaman majalisa. Akwai iyayenmu mata da ba sa shan ko ruwa ran Lahadi da safe don kada fitsari ya kama su a tsohon masai, akwai kuma waɗanda suka daina zuwa sujada gaba ɗaya, muka ɗauka tsufa ne ya zaunar da su. Ba a ganin su, shi ya sa ba a ƙirga su. Bulus ya ce gaɓoɓin jiki da ake gani kamar su ne raunana, su ne ba a iya yi sai da su, waɗanda kuma muke ganin ba su da daraja su muke ƙara wa martaba (1 Korintiyawa 12:22-23). Bagade zai iya jiran tayil.

Godiyarmu ba ta da iyaka. Babanmu, dattijon da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya aiko da buhu 20 kwana biyu bayan rushewar, lokacin da kwamiti ya rasa bakin da zai sake roƙo da shi. Ya hana a ambaci sunansa, ya ce hagu ba ta da hurumin sanin abin da dama ta yi. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa 'ya'ya da jikoki su yi maka fiye da haka. 'Yarmu ma'aikaciyar jinya da ke Legas ita ta ɗauki nauyin masan zama da ƙarafan riƙewa dukansu, ita ce kuma ta aiko da awon ɗakin. Ɗan'uwanmu mai tifa bai karɓi ko kwabo na dako ba sai kuɗin mai. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun ɗebi ruwan bulo da na kankare a ka har mako biyar, Mama Fasto a gaba. Matasa sun kwashe baraguzai da laka a aikin gayya na Asabar uku. Birkila ya yafe rabin ladansa na sakewa, alhali ba shi ya jawo ba. Maƙwabtanmu Musulmi masu rijiya sun bar mu mun ja ruwa ranar zuba murfi da namu ya kasa. An kawo shawarar a kafa allo da sunayen masu bayarwa, waɗanda suka fi bayarwa su suka fara cewa a'a, aka sayi bokiti da buta da kuɗin.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Irin wannan makewayi ba ya rayuwa sai da ruwa, kowane shiga yana son lita biyu zuwa uku, yanzu kuwa da jarka ake kawowa. Ran Lahadi kafin a kai ga wa'azi duro ya ƙare, in kuma aka shiga ba ruwa bututu zai toshe. Ana bukatar tanki mai lita 2,000 da ƙafarsa ta ƙarfe, da indararo a bakin kwano don tara ruwan sama, da wurin wanke hannu mai famfo biyu, ɗaya a ƙasa daidai tsayin yaro da mai keke. Filastar waje za ta ci buhu 14, kuma dole a yi ta kafin damina mai zuwa, don bulo tsirara yana shan ruwa. Ana son fitila mai aiki da hasken rana guda uku saboda addu'ar dare. Wanda ba shi da kuɗin buhu ya haɗa kai da wani, rabin buhu ma ma'aji na rubutawa.

Akwai kuma bukatar da ba ta kuɗi ba, ita ce ta fi wuyar samu. An manna takardar jerin masu wanke makewayi mako uku ke nan, sunayen da ke kai duk na mata ne da 'yan mata. A daren da aka bashe shi, Ubangiji ya tuɓe mayafi ya yi ɗamara da tawul, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ke yi a gida, ya ce su ma su yi wa juna haka (Yohanna 13). Majalisa ta yarda cewa dattawa da 'yan kwamiti za su ɗauki Asabar ta farko a kowane wata, Baba Fasto kuma ya ce a sa sunansa a ciki. Saura Asabar uku, muna jiran Zumuntar Maza da matasa da 'yan kwaya. Tsintsiya da burushi da safar hannu suna ɗakin ajiya, mabuɗi na wurin mai gadi. A wanke da omo da ruwa kawai, kada a zuba kananzir ko maganin kashe ƙwari a masai, domin yana kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da najasa a rami. Mai son sa suna ya ga magatakarda bayan sujada ran Lahadi.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Kwamitin Gini