Yadda ake auna 'yan besbol a Amurka da halin wasannin makarantunmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in ja hankalin masu kula da ilimi da wasanni a Jihar Gombe ga yadda jami'o'in Amurka suke tantance ɗaliban sakandare masu wasan besbol, wato wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, kafin su ɗauke su, ko da yake wasan bai samu karɓuwa a nan wurinmu ba.

A can, kocin jami'a ba ya gamsuwa don an ce masa yaro gwani ne, sai ya ga abin da agogo ya nuna. Ana sa yaro gudun yadi 60, wato kusan mita 55, kuma wanda ya gama cikin ƙasa da daƙiƙa 7 shi ake fara sa wa ido. Mai jifa kuwa da na'ura ake auna saurin ƙwallonsa, kuma manyan jami'o'in rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, sun fi son wanda jifarsa ta kusanci mil 90 a awa, kimanin kilomita 145. Wanda ya fi burge ni shi ne mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafke ƙwallo, domin daga lokacin da ta faɗa safar hannunsa har ya jefa ta ta isa hannun abokin wasansa a zango na biyu na filin, tazarar da ta kusa mita 39, ana so kada ya wuce daƙiƙa 2. Duk da haka sai an duba takardun karatun kowane yaro, domin hukumar ta gindaya sharaɗin darussa 16 na sakandare da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 ga mai son buga wa rukunin farko daga shekarar shigarsa.

A makarantunmu kuwa, ranar gasar gida-gida za a shata fili da farar ƙasa, a kafa rumfa don manyan baƙi, yaro ya tsere wa kowa ba ko takalmi a ƙafarsa, a ba shi bokitin roba da littattafan rubutu, a watse ba wanda ya rubuta lokacin da ya yi. To, da me malaminsa a Kaltungo ko Dukku zai nuna wa wanda bai halarta ba cewa yaron ya fi na cikin birni gudu? Ga misali, 'yar tseren Najeriya Tobi Amusan ta samu gurbi a Jami'ar Texas da ke El Paso a 2016 bayan an ga lokutanta a rubuce, kafin ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a gudun tsallake shinge na mita 100 a 2022.

Na san awo ba ya nuna juriya ko tarbiyya, kuma ba shi da amfani matuƙar ana rage wa yara shekaru, cutar da ta daɗe tana cin wasanninmu. Saboda haka nake roƙon a wajabta wa kowace sakandare ajiye rijista mai ɗauke da ainihin ranar haihuwar ɗalibi da sakamakon gudunsa da tsallensa da jifarsa a kowane zangon karatu, tunda igiyar awo ba ta da tsada kuma kowace waya tana da agogon ƙidayar daƙiƙa, sannan a riƙa kawo waɗanda suka yi fice filin wasa na Pantami sau ɗaya a shekara a sake auna su a gaban alƙalai.

Naka,
Wani malamin motsa jiki,
Gombe.