Kafin a yi aikin ido da leza, a san waɗannan

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili don jan hankalin jama'ar Katsina kan aikin ido da leza (wani haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa), irin wanda ake kira LASIK, domin mutane da yawa sun ɗauka yana maganin kowace lalurar gani. Ba ya cire yanar ido, ba ya dawo da ganin da gilakoma, cutar da ke lalata jijiyar ido, ta cinye. Aikinsa shi ne gyara siffar koniya, wato fatar nan mai kama da gilashi a gaban baƙin ido, ga mai amfani da tabarau.

Likita yakan ɗiga maganin kashe zafi, ya ɗaga siririn ɓawon koniyar, leza ta kankare wurin da ke ƙarƙashinsa, a mayar da ɓawon ba ɗinki. Ido biyu ba su cika wuce minti 30 ba.

Awon farko ne mafi muhimmanci. Dole mutum ya kai shekara 18, lambar tabarau ɗinsa ba ta sauya ba tsawon shekara guda, kuma a auna kaurin koniya. Idan siririya ce aka kankare, tana iya kumburowa daga baya, gani ya lalace fiye da dā. Mai juna biyu da mai shayarwa su dakata.

Bushewar ido ce matsalar da aka fi gani, ƙurar hunturunmu kuma tana ƙara ta. A kiyaye maganin ɗigawa, kada a murza ido, a ajiye kwalli sai likita ya yarda, a kula da ruwa wajen alwala a makon farko. Wanda ya haura 40 zai iya buƙatar tabarau na karatu duk da aikin.

Wasu ma'aikatan lafiyar ido,
Katsina