Masu Wa'azi, A Riƙa Karanta Abin Da Ke Gaban Aya Da Bayanta

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da 'yan'uwanmu Kirista masu sujada da Hausa, musamman na nan Kaduna da kewaye. Mu malamai ne masu koyar da Littafi Mai Tsarki a ikkilisiyoyi daban-daban, kuma abu guda ne ke ci mana tuwo a ƙwarya: yadda ake yanko aya ɗaya daga cikin surarta, a yi wa'azin awa guda a kanta, a rubuta ta a bayan Keke Napep, a tura ta WhatsApp da asuba, ba wanda ya tsaya ya tambayi wa ya faɗe ta, kuma wa aka faɗa wa. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Da yawa ba su san cewa lambobin surori da ayoyi ba annabawa ko manzanni ne suka sa su ba. Rabon surorin da muke amfani da shi ya samo asali ne daga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. An yi su ne domin sauƙin nemo wuri. Bulus wasiƙa ya rubuta wa Filibiyawa, aka karanta musu ita daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya. Ayoyinta 104 ne, minti goma sha biyar ya isa a karanta ta da murya. Wanda bai taɓa yin haka ba, bai kamata ya hau bagade da ayar da ya ciro daga tsakiyarta ba.

Tambayar farko ita ce: bakin wa maganar ta fito? Akwai ayoyi biyu daga littafin Ayuba da suka zama ruwan dare a taron addu'ar dare da bikin buɗe shago. Ɗaya ita ce 8:7, mai cewa ko farkonka ƙanƙane ne, ƙarshenka zai bunƙasa. Ɗayar 22:28, wadda ake kafa hujja da ita cewa duk abin da mutum ya furta zai tabbata. Ta farko Bildad ne ya faɗe ta, mutumin da a aya ta 4 ta wannan surar ya gaya wa Ayuba, mai makokin 'ya'ya goma, cewa zunubin 'ya'yan ne ya jawo musu. Ta biyu Elifaz ne, wani abokin Ayuba kamar Bildad. A 42:7 kuwa Allah ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu, har da Bildad, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba, har sai da suka kawo bijimai bakwai da raguna bakwai Ayuba ya yi musu addu'a. Mai wa'azin da ya ce "haka Ubangiji ya faɗa" a kan waɗannan ayoyi kamar mutum ne da ya leƙa kotu ana tsakiyar shari'a, ya ji maganar wani mai shaida, ya fito yana shelar cewa hukuncin alƙali ke nan.

Sai tambaya ta biyu, wa aka faɗa wa, a wane hali? A nan za mu ɗan daɗe a kan Irmiya 29:11, ayar da Allah ya ce ya san shirin da yake da shi domin jama'arsa, na alheri ne ba na masifa ba. Kusan ba gidan Kirista da babu ita a jikin kalanda. Ana karanta wa mai neman aiki da mai neman aure da ɗalibi mai jiran sakamakon jarrabawa, ana nuna musu cewa kafin shekara ta ƙare komai zai warware. To, a koma sura ta 28. A can wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar sarkin Babila, waɗanda aka kwashe bauta su dawo. Jama'a sun so jin haka. Irmiya ya ce masa ƙarya yake yi, Allah bai aiko shi ba. A wata na biyar aka yi wannan, a wata na bakwai Hananiya ya mutu. Sura ta 29 wasiƙa ce Irmiya ya aika wa mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe daga Urushalima a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Abin da ke cikinta bai yi wa kunne daɗi ba. Aya ta 10, wadda take manne da wadda muke so, ta ce sai shekara 70 sun cika. Ke nan yawancin manyan da suka ji wasiƙar a Babila za a binne su. Alkawarin gaskiya ne, amma ga al'umma aka yi shi, kuma jikoki ne suka ga cikarsa.

Me aka ce su yi kafin nan? Aya ta 5 zuwa ta 7 suka faɗa: su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu. Birnin maƙiyansu ke nan. A ganinmu, a Kaduna, inda tun bayan rikicin shekara ta 2000 mutane suka ja daga, wasu suka koma kudancin kogi wasu arewacinsa, aya ta 7 ta fi cancantar hawa kalanda. Mai wa'azin da ya karanta surar gaba ɗaya ba zai sallami jama'a da alkawarin mota ba. Zai tambaye su yaushe rabon da su yi addu'a domin Tudun Wada da Rigasa kamar yadda suke yi domin Sabon Tasha da Narayi, kuma wane irin ciniki suke yi da abokin kasuwar da ba addininsu ɗaya ba.

Haka Filibiyawa 4:13 take. Bulus da ya ce zai iya kome ta wurin mai ƙarfafa shi ɗan kurkuku ne, kuma aya ta 11 da ta 12 sun faɗi abin da yake nufi: ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Darasin wadar zuci ne.

Inda wannan sakaci ya fi yin ɓarna shi ne wajen kuɗi da wajen lafiya. Da zarar wani dattijo ya nemi a karanta rahoton baiko, wato kuɗin da jama'a ke bayarwa a majami'a, sai a rufe masa baki da Zabura 105:15, wai kada a taɓa shafaffu na Allah. A duba daga aya ta 9. Ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah ya tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Babu zancen hana tambayar shugaba a ciki. Wurin da ya yi maganar kuɗin ikkilisiya kai tsaye shi ne 2 Korantiyawa 8:18-21, inda Bulus ya ƙi tafiya da gudummawa shi kaɗai, aka haɗa shi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi. Aiki da wannan a yau shi ne mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare kafin a bar majami'a, su sa hannu a littafi, ba ma'aji kaɗai ba, a kuma karanta wa jama'a rahoto a kan kari. In ƙara ta taso a kan shugaba, 1 Timoti 5:19-20 ta ba da tsari: shaidu biyu ko uku, in ta tabbata a tsawata a gaban kowa.

Game da lafiya kuwa, ana sa masu hawan jini da ciwon suga da masu shan maganin ƙanjamau su ajiye magani, wai shansa rashin bangaskiya ne, a kafa musu hujja da Zabura 91. Ya kamata a tuna cewa aya ta 11 da ta 12 na wannan zabura su ne Iblis ya karanta wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, a Matiyu 4:6, yana so ya yi tsalle. Yesu ya amsa da Maimaitawar Shari'a 6:16, kada a gwada Ubangiji. Bulus ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, ya kira Luka ƙaunataccen likita. Annabi Ishaya ma ya sa an ɗora wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. A yi wa mara lafiya addu'a yadda Yakubu 5:14 ta ce, a kuma raka shi asibiti. Mai hawan jinin da ya bar magani ba lallai ya ji kome a jikinsa ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Akwai kuma sanin irin rubutun da ke gabanka. Labari daban, doka daban, waƙa daban. Abin da aka ba da labarin faruwarsa ba umarni ba ne. Ayyukan Manzanni 19:11-12 ta ce an kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus, amma ta kira abin mu'ujizan da ba a saba gani ba, kuma ba inda aka ce an sayar. Masu sayar da mai da ruwa da hankici su karanta abin da Bitrus ya gaya wa Siman, wanda ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, a 8:20 na wannan littafin. Karin Magana kuma hikima ce ta yadda al'amura suka saba tafiya, shi ya sa 26:4 ta ce kada ka amsa wa wawa, 26:5 ta ce ka amsa masa. Sanin lokacin kowanne aikin mai karatu ne.

Duk wannan ba ya bukatar Girkanci ko Ibrananci. Shugabar Zumuntar Mata ko malamin makarantar Lahadi mai Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin rubutu da biro zai iya. Ya fara shiri tun kwana huɗu ko biyar kafin ranar, ba daren Asabar ba. Ya ɗauki sashe mai kai da gindi, kamar aya goma zuwa ashirin, ya karanta shi sau uku, ɗaya da murya, sannan ya karanta surar da ta gabata da mai bi mata. Ya rubuta mai magana, da wanda ake yi wa, da abin da ya jawo maganar. Ya lura da ƙananan kalmomi irin su "saboda haka" da "gama" da "amma", domin su ne ke nuna inda hujja ta dosa. Daga nan ya gwada faɗin ma'anar sashen da jimla ɗaya. In jimlar ta ƙi fitowa, shiri bai kammala ba, kuma wannan ne wurin da yawanci ake gudu a cike gurbin da labarai da waƙa. Bayan ta fito sai ya auna ta da wasu wurare biyu ko uku masu maganar abu ɗaya, a bar wurin da yake a fili ya haskaka mai wuya. In daga Tsohon Alkawari ne, ya tambayi ko zuwan Almasihu ya sauya wani abu, kamar yadda taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 ya sauke wa al'ummai waɗanda ba Yahudawa ba kaciya. Sai a ƙarshe ya zo kan mu: me wannan ke nema daga mai sayar da hatsi a Kasuwar Barci, ko gwauruwa, ko ma'aikacin da albashinsa ya makara? Abu ɗaya da za a iya yi a wannan mako ya fi goma da za a manta kafin a kai bakin titi.

Wani abu da ake rainawa shi ne tafinta. A majami'un da ake wa'azi da Turanci ana juyawa zuwa Hausa, sau da yawa ba a ba tafinta ayoyin tun da wuri, sai ya riƙa juya nassi da ka, jama'a su koma gida da abin da babu shi a littafinsu. A ba shi jerin ayoyin kafin Lahadi, ya sa alama, in an zo kan nassi ya karanta daga Littafi Mai Tsarki na Hausa. A kuma faɗi juyin da ake karantawa. Tsofaffi da yawa har yanzu na 1932 suke riƙe da shi, wanda Dakta Walter Miller na Wusasa ya yi aiki a kansa, inda ake cewa Yohanna da Misalai, matasa kuwa suna da na baya mai cewa Yahaya da Karin Magana. Kafin Baba ya nemo wurin an gama karatu.

Karatun kansa ma ya ƙanƙance a sujadarmu. Sanarwa ta ci rabin awa, baiko kashi uku da rawa, nassi aya biyu. Alhali 1 Timoti 4:13 ta sa karatu a gaban jama'a a jere ɗaya da wa'azi da koyarwa. A nan Katolika da Angilikan sun fi mu tsari, domin suna da jadawalin karatu. Na Katolika yana zagayowa cikin shekara uku, Matiyu, Markus, Luka, ga kuma Zabura da wani karatun kowace Lahadi, don haka mai wa'azi ba shi da damar maƙalewa a ayoyi goman da yake so. Sauran ikkilisiyoyi ba sai sun kwafi nasu ba, amma za su iya bin littafi guda sura bayan sura har ya ƙare. A gida kuma, surori 1,189 ne a littattafai 66, wanda ya riƙe uku zuwa huɗu a rana zai sauke a shekara.

Roƙonmu ga shugabannin ikkilisiyoyin ECWA da Baptist da HEKAN da sauransu shi ne su tuna cewa mafi yawan koyarwar da ake yi cikin mako ba fastoci ke yin ta ba. Dattawa ne da shugabannin mata da na matasa da masu bishara a ƙauyuka. Muna da makarantun tauhidi a Kagoro da Kawo da Wusasa. A riƙa turo malamansu da ɗaliban ajin ƙarshe su yi wa waɗannan bita da Hausa, ko da Asabar ɗaya ce a kowane wata uku, kowa ya zo da littafinsa a yi aiki a kan sura guda tare. Kai kuma, Malam Edita, in za ka ware ɗan fili da masu karatu za su riƙa aiko da ayoyin da suka shige musu duhu, a shirye muke mu riƙa amsawa.

Mun gode.

Daga wasu malaman Littafi Mai Tsarki,
Kaduna.